Ɗakin Baba Anselmo

A Tucson, bayan gidanmu, inda kare yake shan inuwa,
nan na ja igiya, na kafa turaku huɗu.
Ƙafa goma sha biyu faɗi, sha huɗu tsawo.
Ko akurki ban taɓa ginawa ba.
Lissafi nake koyarwa; na san kusurwa a kan allo,
ban san ta a ƙasa ba, inda tsakuwa ma ke da ta cewa.

Baba Anselmo yana kujerar roba, hula har hanci.
Shekara arba'in yana kafinta a Nogales,
yau kofin gahawa ma sai rabi ya zube kafin ya kai baki.
Don shi ake ɗakin.
Baki nasa, guduma tawa.

"Biyu-da-shida, Ximena, ba biyu-da-huɗu ba.
Bango mai kauri ya fi cin audugar gilashi,
rana ta buga, ta gaji, ta koma."
Na ga kuɗin katako, na haɗiyi yawu.
Ya ce araha ba ta ado. Na biya.

Inci sha shida tsakanin kowane tsayayyen katako.
Na auna daga gefen da bai kamata ba,
kuskuren ya bi layi yana haihuwa
har ya isa ƙofa da jikoki.
Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini ƙarfen zare ƙusa,
ya juya yana kallon duwatsun Catalina
kamar ba shi ya gani ba.
Ƙusa sittin da uku na zare ran nan. Na ƙirga.

Ranar tayar da bango, Thurman maƙwabci ya zo da ciwon bayansa,
Leocadia ta zo da ’ya’yanta biyu da tukunyar wake.
Muka ɗaga, bangon ya yi layi kamar mai jin barci,
Baba na ihu: "Tokare shi! Tokare shi ta gabas!"
Ɗigon ruwan ma'auni ya yi yawo, ya yi yawo,
ya zo tsakiya ya zauna.

Sai rigimar sanyi.
Shi akwatin ruwa yake so a kan rufi,
irin wanda ya raine mu da shi:
fanka na jan iska ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa,
ba ya cin wuta, in ya lalace sukudireba ta isa.
Na ce, Baba, wannan abokin rani ne.
Bari Yuli ta zo, hadari ya taso daga Sonora,
iska ta yi nauyi, sai ya dinga hura maka gumi.
Likita kuma ya ce zuciyarka ta daina shiri da zafi.
Ni iyakwandishan nake so, ƙarami, a manne da bango.
Ya ce wanda zai biya kuɗin wuta ya ɗaga hannu.
Kwana uku muna gaisawa a taƙaice.

Iyakwandishan na sa.
Shi kuma ya ci nasa rabon:
tagar yamma ta mutu tun a takarda,
ta arewa ta ƙara faɗi,
bakin rufi ya miƙe ƙafa biyu yana yi wa bango laima.

Yanzu in hadarin ya sauko da dare
ina jin sa yana kashe na'urar, yana kokawa da taga,
don ya shaƙi ƙamshin jeji da ruwa ya taɓa.
Ba na cewa komai.

Akwai ƙusa ɗaya da ya roƙa ya buga da kansa.
Sau tara guduma na kuskure, ta shiga a lanƙwashe.
Mai duba gini bai gan ta ba.
Mun rufe bango, mun shafa fenti ruwan ƙwai,
amma na san inda take:
taƙi biyu daga ƙofa, daidai kafaɗata.